Ɗamarar Marigayi Ovlla

Alta, farkon Disamba

Kaka Ravna,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki da ke sanar da zuwan guguwa tun kafin rediyo ya sani. Yaya Kawu Mihkkal da garkensa? Na ji sun sauko da barewarsu ta kiwo zuwa makiyayar sanyi lafiya. Ni ƙalau nake, sai 'yar mura. Mama tana gaishe ki daga Oslo. Na san in na buga waya "Wa? Wa ke magana?" za ki yi ta yi har in gaji, shi ya sa na ɗauki biro. Cikin dangin Baba ke kaɗai kika riƙe ni tun rasuwarsa, duk da cewa ke da kakana 'ya'yan wa da ƙani ne kawai, don haka ke zan fara kawo wa daɗi da rashinsa.

Na daɗin tukuna: na samu aiki! Ni ke jagorantar baƙi su je kallon hasken arewa, wanda ke fitowa a sama da dare. Bayan abincin yamma sai in loda su a ƙaramar bas, kowa cikin rigar sanyin kamfani kamar buhunan dankali masu tafiya, mu yi ta gudun gajimare har mu samu inda sama ta buɗe. In hura wuta a tanti, in dafa gahawa, in yanka musu busasshen nama, su yi ta ɗaga kai har wuya ya ƙage. Kaka, abin da ke ko labule ba ki ɗagawa don ki kalla, wasu ƙasashe huɗu suke ketarowa dominsa. Jiya wani dattijo daga Koriya ya fashe da kuka ya rungume direbanmu. Ni kam ina son aikin nan har cikin raina. Gakti nake sawa, rigarmu ta gida, har jarida ta ɗauki hotona, watakila kin gani.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Kin san Risten 'yar Aslak, mai ɗinkin nan da ke bayan coci. Kin kuma san tun bikin Ista da na zo garinku muke shiri, don ba abin da ke wuce ki. A lokacin kaka na aika mata maƙalin azurfa na kama gyale, ta karɓa, har ta ce ta sa shi ranar Lahadi. Makon jiya sai ga shi ya dawo mini a ambulan, ko kalma ɗaya babu. Na buga waya, tana jin muryata ta ajiye. Ƙanenta ya ce mini an ba ta aikin koyar da ɗinki a Trondheim, ta amsa, bayan Sabuwar Shekara za ta tafi ke nan.

Ban san laifina ba. Don Allah ki bugi cikinta ki ji. Ina son yarinyar nan, kuma in ta tafi a haka na san ba za ta waiwayo ni ba.

Jikanki,
Lemet

*

Kautokeino, bayan kwana biyar

Lemet,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan tana aikinta, ta ce a gaya maka akwai guguwa tafe. Mihkkal lafiya, garke lafiya, in ban da kare ɗaya da ya karye. Ka sha romo don murar.

To, bayan haka: kai ba ka da kunya ne? Sau uku na karanta takardarka ina goge tabarau, ko idona ne. Wai ba ka san laifinka ba! Hoton jaridar da kake tambaya ko na gani, ai babu gidan da bai shiga ba a garin nan. A shagon Berit an lika shi kusa da ma'aunin kifi. Ga ka nan tsaye ƙerere, ka sha ɗamarar azurfa, kana washe baki har kunne, ga mace ta maƙale hannunka. Ranar Lahadi ban gama fitowa daga coci ba mata suka yi mini caa: "Ravna, barka! Ashe an yi biki ba ki gaya mana ba? 'Yar wace ce?" Ni kuwa na yi ta gyaɗa kai kamar na sani, don kada a ce jikana ya yi aure sai a jarida na gani.

Ban ce kada ka yi aure ba. Ka girma, kuma gidan haya ba mace sai warin safa. Amma ka yi shi a ɓoye kamar ɓarawo, ba ka kira kowa ya ci ko loma ɗaya ba, sannan ka dawo kana aike na wurin 'yar mutane? In je in ce mata me? Ta gode Allah ma da ta mayar maka da maƙalin kawai. Da ni ce a shekarunta, da kaina zan kawo shi in maƙala maka a hanci.

Na ganta a shago ta rame, tana sayen zare ba ta kallon kowa. Yarinyar da dariyarta ake ji daga ƙetaren kogi. Raina ya ɓaci, Lemet, kuma ba na ɓoye maka. Babanka Ovlla ya bar mu ya tafi birni, amma ko shi da zai auri uwarka sai da ya kawo ta nan muka ganta, muka yi kwana uku ana ci ana sha.

Ka rubuto mini sunan matar da na iyayenta. In kuma waccan ta hoton ce, ka gaya mata ta riƙa cire hular in za a ɗauke ta, mu ga fuskar da aka yi mana wannan saboda ita. Na saƙa safa biyu, ba don kun cancanta ba, don dai ulun yana nan ne.

Kakarka,
Ravna

*

Alta, daren da takardarki ta iso

Kaka,

Ina fata kin wuni lafiya. Mura ta tafi, takardarki ce ma ta kore ta.

Aure? Ni? Kaka, wa zai aure ni? Ɗakina ko kujera biyu babu! Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga baya na tuna Risten ma abin da ta ɗauka ke nan, sai dariyar ta ƙare.

Matar da ke hoton baƙuwa ce daga Jamus, sunanta ma ya shige mini. Ta haura sittin, tana da jikoki biyar, duk ta nuna mini hotunansu. Santsi ne ya kwashe ta, ta cafko hannuna, mai hoton ya danna daidai nan. Mijinta yana gefe yana riƙe da jakarta, an yanke shi ne kawai. Ashe mutanen garinku haka suke? Mace ta riƙe hannun mutum don kada ta karye, shi ke nan an ɗaura aure har an tare?

Ki je wurin Risten, ina roƙonki. Ki ce mata babu kowa, ba a taɓa yin kowa ba. Na rubuta mata har sau biyu, na san ba ta buɗewa. Ni kuma ba halin in zo kafin Kirsimeti, kowane dare bas a cike take, kuma abokin aikina yana kwance da ciwon baya.

Kin ambaci ɗamarar, na ji daɗi da kika lura da ita. Ba ki gane ta ba? Ta Baba ce. Ranar da na samu aikin Mama ta ciro ta daga akwati ta aiko mini, ta ce shi da kansa zai so in sa. Rigar sabuwa ce, amma ɗamarar tasa ce, har ramin da yake maƙalawa ya buɗe, nan nake maƙalawa ni ma. Ban samu zama da shi sosai ba, kin sani, ina ɗan shekara tara ya tafi. Amma in na tsaya a kan tafkin da ya daskare, hasken nan ya taso kore yana kaɗawa, na ji nauyinta a kuguna, sai in ji kamar ba ni kaɗai ba ne. Ban taɓa fita aiki ba ita ba.

Ki riƙe safa ɗaya, ɗayar ta ishe ni.

Lemet

*

Kautokeino, Laraba

Lemet, ɗan Ovlla, sakaran jikana,

Lafiyata lau, ban taɓa jin lafiya irin ta yau ba. Na yi dariya har maƙwabciya ta leƙo ta taga, sannan na yi kuka, sannan na sake dariya.

Wa ya damu da Bajamushiya? Ɗamarar ce, yaro! Ɗamarar! Sauke ta ka duba maɓallan azurfar da ke jikinta. Masu kusurwa huɗu ne, ko ba haka ba? To, a wurinmu wannan ɗamarar mai aure ce. Saurayi da budurwa maɓallansu kewayayyu ne. Yaron da bai iya ɗaure takalmi ba ma ya san wannan a garin nan, shi ya sa ban tsaya faɗa maka ba. Duk wanda ya ga hoton kugunka ya fara kalla kafin fuskarka. Wata guda ke nan kana tsayawa gaban duniya kowane dare kana shelar kana da mata. Uwarka 'yar kudu ce, ba laifinta. Ovlla ne ya tafi bai gama koya maka ba, Allah ya ji ƙansa. Ni na taya uwarsa dasa maɓallan nan ana saura mako bikinsa, kuma da hoton ya fi haka haske da na gane aikin hannuna.

Ko gyale ban ɗaura daidai ba na tafi gidan Aslak. Na tarar da Risten tana haɗa kaya a kwali. Na ce, "Ajiye wannan, 'yar nan, ki zauna." Na karanta mata takardarka, har wurin ramin ɗamarar. Ta ce, "Kaka, mutum ya kai shekara ashirin da bakwai bai san maɓalli ba?" Na ce, "Wannan ya kai." Ta ce, "Ko dai an kama shi ne ya nemo labari?" Na ce, "Lemet ba shi da wayon ƙirƙiro ƙarya mai kyau haka." Ta ɗan murmusa, amma ba ta saki jiki ba. Ka san an yi mata dariya a garin nan, kuma abin ya ci mata rai.

Ga yadda muka rabu. Ta ce sai ta gani da idonta. Ranar Asabar za ta bi yayanta zuwa Alta, ta sa sunanta cikin baƙinka da sunan ƙawarta, ta zauna a bas ta ga irin zaman da kake yi in ba ka san ana kallonka ba. Ta ce kada in gaya maka. Na ce to. Ga shi ina gaya maka, ai ban rantse ba. Na kuma tabbatar mata cewa zan yi maka bayanin maɓallan, kuma za ta same ka ka cire.

Saboda haka ka cire ta yau ɗin nan. Cikin ƙunshin nan akwai ɗamarar ɗan Mihkkal, ta samari, ka sa ta ko ta matse ka.

Sai abu na biyu, tunda na gane komai sai an tauna maka. A al'adarmu in saurayi ya je neman aure ba ya cewa "ina son 'yarku." Tambaya ake yi, "A ba mu izini mu dafa gahawa?" In an ce dafa, an karɓe ka. In an yi shiru, ka ɗauki butarka ka kama hanya. Kada ka kuskura ka yi mata wannan tambayar ranar Asabar, ya yi wuri. Ka ba ta haƙuri kawai, ka bar sauran a hannuna.

Iska ta fara tashi, bari in kai wannan kafin a rufe hanya.

Ravna

*

Alta, Litinin

Kaka!

Kina lafiya? Zauna kafin ki karanta. Ƙunshinki yau da rana ya iso. Guguwar da gwiwarki ta yi alkawari ta rufe hanyar dutse, motar wasiƙu ta kwana uku a can. Su Risten kuwa ranar Asabar suka biyo bayan motar share hanya suka wuce. Kin gane? Na fita ranar Asabar ban san komai ba, da ɗamarar Baba a kuguna, na ma goge ta da yamma tana ta walƙiya.

Baƙi goma sha biyu ne, duk cikin rigar kamfani, hula har gira, gyale har hanci. Ɗaya ta shige can baya ba ta ce uffan ba, na ɗauka ba ta jin yaren da nake yi ne. Gajimare ya rufe bakin teku, muka yi nesa da tekun, muna tsayawa ina leƙa sama ina dawowa. Wani yaro ɗan Italiya ya yi ta tambayata ƙarfe nawa ake kunna hasken. Sai da muka kai wani tafki da ke bayan tsauni sannan taurari suka fito. Na kafa wuta a tanti, zafi ya sa na buɗe babbar rigata.

Sai na ji an ce da harshenmu, daga bayana, "Har yanzu kana sanye da ita?"

Kaka, butar da ke hannuna saura kaɗan ta faɗa wuta. Ta janye gyalen, ga Risten, idanun nan kamar za su huda ni.

Na ce, "Risten! Wallahi matar nan jikokinta biyar!"

Ta ce, "Ina ruwana da jikokinta? Kaka Ravna ta ce za ka cire. Ga ka nan ka ma goge ta."

Na ce, "In cire me?"

"Ɗamarar mana!"

Ni kuma raina ya ɗan sosu. Na ce, "Ki ce in bar aikin nan, zan bari. Ki ce in bi ki Trondheim a ƙafa. Amma wannan ta babana ce, me ta yi miki?"

Ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Lemet, maɓallan nan wane iri ne?" Na duba na ce, "Na azurfa." Ta ce, "Siffarsu nake tambaya." Na ce, "Masu kusurwa huɗu. Sun fi kyau ai, ko?"

Shi ke nan. Ta toshe baki, kafaɗunta suka fara rawa, ta fita daga tantin da gudu ta zube cikin dusar ƙanƙara tana dariya har da buga ƙafa. Baƙi suka fito suna tambayata ko wannan ma cikin shirin ne. Da ƙyar ta iya yi mini bayani, tana yi tana share hawaye. Da na gane, na ji kamar tafkin ya tsage in shige. Na kai hannu zan kwance, ta riƙe hannun ta ce, "Bar ta, sanyi zai shige ka. Ai ka riga ka gama ɓata sunanka."

Muna haka direba ya ce, "Ku duba sama." Kaka, na san kin gaji da ganin hasken nan, amma irin na daren nan ko ke sai kin fito. Ya faro siriri daga bayan tsauni, kore, kamar an ja zare. Kafin ka ce me ya buɗe ya cika sama gaba ɗaya, yana naɗewa yana warwarewa, gefensa ja da shunayya, har dusar da muke tsaye a kai ta koma kore. Mutum goma sha biyu, ba mai motsi. Yaron nan ɗan Italiya ya sa yatsu a baki zai yi fito, Risten ta cafke hannunsa ta ce ba a yi masa fito, ba a ɗaga masa hannu, kakanninmu sun ce yana saukowa ya ɗauki marar kunya. Yaron ya maƙale jikin uwarsa, amma bai sauke kai ba. Daga nan baƙin suka yi watsi da ni suka kewaye ta, ta yi ta ba su labaran da ni ban taɓa ji ba. Ni jagora na koma mai ƙara itace, kuma ban taɓa jin daɗin aiki kamar daren ba.

Yanzu ga inda za ki ja mini kunne. Da sanyi ya koro mu tanti, na ga tana hura hannu, sai na ɗauki buta na ce, "Risten, ki ba ni izini in dafa gahawa?" Ladabi kawai na yi, tunda na ga tantin ya zama nata. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ka san abin da kake tambaya?" Na ce, "Gahawa." Ta juya ta kalli wuta, kunnuwanta sun yi ja. Can ta ce, "To, dafa."

Ta sha kofi biyu. Da za mu rabu ta ce in takardarki ta iso in karanta a zaune. Yau na karanta, a tsaye, kuma sai da na nemi bango.

Kaka, wannan "dafa" ɗin, ta gahawa ce ko ta ɗayan? Na kasa cin abinci. Ki amsa mini da motar farko.

Lemet

*

Kautokeino, Alhamis

Lemet,

Lafiya lau, gwiwa ta yi shiru, hanya a buɗe.

Abu ɗaya na ce kada ka yi, shi ka yi. Kai da ubanka ba ku da maraba.

Jiya Risten ta zo da kanta, ta zauna inda kake zama, ta cinye mini biskit. Ban tambaye ta komai ba, ni ba mai shiga sha'anin mutane ba ce. Ta ce Trondheim za ta je, don ta riga ta ba su kalmarta, amma ta rubuta musu cewa zuwa Ista kawai za ta yi. Ta ce ka dawo mata da maƙalinta, kuma ka kawo da hannunka ranar Kirsimeti, ka taho da buta da wani babba mai baki, don gahawar da aka dafa a gaban Italiyawa ba ta shiga lissafin ubanta Aslak. Mihkkal ya ce zai raka ka, ya fara aske gemu tun yanzu.

Da ta tashi tafiya ta tsaya a bakin ƙofa tana wasa da zaren hularta. Ta ce ta sayi shuɗin yadi mai kyau, za ta tafi da shi can, dare yana da tsawo kuma ba ta san kowa ba. Ta ce rigar da ka saya ɗinkin kasuwa ce, ba za ta tsaya kusa da wannan rigar a gaban coci ranar aure ba.

Don haka ka samo zare, ka sa direban nan naku ya auna maka daga kafaɗa zuwa kafaɗa, da kuma daga wuya zuwa gwiwa. Ka ƙulla kowanne, ka sa a ambulan ka aiko. Ka tsaya a miƙe in ana aunawa, kada ka rankwafa yadda ka saba.

Kakarka,
Ravna